Inna, Yaro da Zoben da Ke Juyawa

A wannan wata ba za mu yi maganar makaranta ba kamar yadda muka saba, ko da yake kafin mu gama za ku ga cewa makarantar ta biyo mu har cikin gida. Maganarmu a kan wani ɗan farin zobe ce, wanda ke fitowa a tsakiyar tele yana ta juyawa. Hoto ya tsaya cik, ɗan wasa ya ƙame da baki a buɗe, mutanen gida kuma su yi jugum suna jira. Duk gidan da ke kallo ta intanet ya san wannan zobe. Mu dai a gidanmu ya ci mana kuɗi, ya sa mun zalunci yaro, ya kuma kusa raba tsohuwa da 'yar hirar da ta rage mata. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ba da labarin, ko wani ya tsira daga ramin da muka faɗa.

Sai mun ɗan koma baya kafin a gane dalilin da ya sa tele ta zama babban abu a wurinmu. A Zangwetin aka haife mu, tsohon zangon Hausawa da ke tsakiyar Wagadugu, kusa da titin Kwame Nkrumah. A can, mace ba ta bukatar akwati kafin ta ji Hausa. Mai koko da Hausa take talla, mai yankan farce da Hausa yake sallama, faɗan kishiyoyi ma da Hausa ake yin sa, makwabta na saurare ta kan katanga. A shekarar 2003 aka rushe unguwar a ƙarƙashin shirin ZACA, tare da wasu unguwannin da ke kewaye da ita. A shekarar ce kuma babbar kasuwar Rood Woko ta ƙone. Dubban mutane suka watse. Wasu aka ba su fili a Nioko, wasu kuma, irinmu, aka ba mu a gefen Waga 2000. Lokacin ba mu daɗe da fitowa daga makarantar horar da malamai ta Lumbila ba, da albashinmu na farko aka sayi ƙofar gidan nan. Saboda haka idan kun ji mutum ya ce a Waga 2000 yake, kada ku ɗauka makwabcin fadar Kosyam ne. Akwai masu benaye, akwai kuma mu.

Wanda wannan ƙaura ta fi taɓawa ita ce Inna, mahaifiyarmu. Mu muna fita aiki, uwargida tana zuwa kasuwa, yara suna makaranta. Su yaran nan Faransanci suke yi a aji, su yi More a waje da abokansu, idan sun shigo gida kuma Hausarsu ta gaisuwa ce da neman abinci. Inna ta iya More daidai na ciniki, amma ba da shi take dariya ba. Ƙawayenta na Zango wasu sun rasu, wasu suna can ɗaya gefen gari. Sai ta wuni a tsakar gida daga ita sai carbinta da 'yar rediyonta.

Tun muna samari fim ɗin Hausa yake shigo mana a kaset. 'Yan kasuwa ne suke ɗauko shi daga Kano, su biyo ta Maraɗi da Yamai da Fada N'Gourma, kafin ya iso hannunmu ya sha kallo har hoton ya yi dishi-dishi. Haka muka ga Sangaya da Wasila, haka muka san marigayi Ibro. Daga baya faifai ya kori kaset, parabol ta zo, tashar Arewa24 ta buɗe a 2014. Yanzu kuma masu shirya fim da yawa sun koma sa aikinsu a YouTube, kashi-kashi, mako-mako, irin su Labarina da Izzar So. A 2022 ƙanenmu da ke fatauci tsakanin Lome da Waga ya kawo wa Inna tele irin wadda ke shiga intanet da kanta, tare da ɗan akwatin intanet da ake sa wa sim, mai watsa wifi a cikin gida. Tun daga ranar, bayan sallar isha'i sai a shimfiɗa tabarma. Abin da ya fi yi mana daɗi shi ne yaran sun fara zama kusa da kakarsu. Idan ɗan wasa ya yi karin magana sai auta ta ce, "Kaka, me ya ce?" Inna ta fassara, ta ƙara da nata. Abin da muka kasa koya musu da faɗa a shekara goma, sai ga shi yana shiga a cikin raha.

Ba a daɗe ba zoben ya fara ziyara. Da fari sau ɗaya ko sau biyu a dare, daga baya ya zama fim ɗin awa ɗaya sai ya cinye mana awa biyu. Wani lokaci hoton ya dagule kamar an zuba masa ruwa, wani lokaci kuma tele ta rubuta cewa babu hanya gaba ɗaya. Yara ba su da haƙuri. Da zarar zoben ya yi juyi uku sai kowa ya zaro waya ko ya sulale waje, a bar Inna ita kaɗai tana kallon fuskar da ta ƙame. Mu kuwa abin da muka fara yi shi ne zagin kamfani. Muka sauya sim, muka koma wani kamfanin, zoben ya biyo mu. Wani mai gyara ya ce telen ce ba ta da ƙarfi, ya karɓi jaka 5 ya danna 'yan maɓallai ya tafi. Wani ya ce a sayi eriya. Muka saya. Zoben ko gezau.

Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne kuɗin mega. Mukan sayi jiga 30 a farkon wata da niyyar ya kai mu ƙarshen wata, amma kafin mako ya zagayo sai a ce ya ƙare. Albashin malamin firamare kun san shi, ba sai mun faɗa ba. A bazarar 2023, wani dare da mega ta sake ƙarewa ana tsakiyar kallo, muka waiga muka ga babban yaronmu, mai shekara 15, yana rufe wayarsa. Ba mu tambaye shi komai ba. Muka ce shi ne yake shanye mana mega da wasannin banza, muka tsawata masa a gaban ƙannensa, muka karɓe wayar muka kulle a akwati. Ya ce, "Baba, wallahi ba ni ba ne, telen ce take sha." Muka ce ya rufe mana baki, yaushe ya zama injiniya? Yaron bai ƙara cewa uffan ba. Ya tashi ya shige ɗaki, kuma daga ranar bai sake zama a tabarmar kallo ba.

Muka sake sayen jiga 30. Wayar yaro tana kulle, mabuɗi yana aljihunmu. Kwana 7 ba su cika ba mega ta ƙare. Da safe muna shirin fita Inna ta kira mu, ta ce, "Malam, zo nan." Haka take kiranmu idan za ta yi mana faɗa. Ta ce, "Ɓarawon yana kulle, kuma an sake sata. To wa ka kama?" Ba mu da amsa. Ta ce, "Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane lissafi, ka zauna ka lissafa mana." A kan moto har muka isa makaranta wannan magana tana cin mu. A makarantar malamai an koya mana cewa idan ɗalibi ya faɗi jarrabawa, kafin ka ɗauki bulala ka fara duba inda kuskuren ya faro. Mun koyar da haka, mun kuma manta da shi a ƙofar gidanmu. A ranar muka ɗauki sabon littafin rubutu muka ja masa layuka: rana, lokaci, irin yankewar, su wa ke gida, akwai wuta ko babu, yaya sararin sama yake. Mako uku muna cikewa.

Abu na farko da littafin ya koya mana shi ne yankewa ba iri ɗaya ba ce, kuma maganin wannan ba ya yi wa waccan. Mai parabol, idan hadari ya haɗo ruwa ya sauko da ƙarfi, hotonsa yakan farfashe ya ɗauke, domin ruwan yana tare saƙon da ke saukowa daga tauraron ɗan'adam. Wannan babu abin yi sai a jira ruwa ya tsagaita. Mai kallon RTB da sauran tashoshin gida ta TNT, tun da aka kashe tsohon tsarin watsawa a 2019, matsalarsa yawanci eriya ce da iska ta juya ko wayarta da ta saki. Shi kuwa zobe mai juyawa na masu intanet ne kaɗai. Wanda zobe ya dama ya hau rufi yana juya eriya, ya yi wahalar banza. Mun yi ta, shi ya sa muka sani.

To mene ne zoben? Wani abokin aikinmu mai koyar da kimiyya a kwaleji ne ya warware mana, da misalin da duk ɗan Waga zai gane. Ya ce tele ba ta karɓar fim gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan take ɗebowa tana tarawa a gaba, kamar randa a ƙarƙashin famfo. Ana ɗiba daga randa, famfo yana zubawa. Muddin abin da ke shiga ya kai abin da ake ɗiba, mai sha ba zai san komai ba, ko da famfon ya ɗan tsaya na ɗan lokaci. Amma idan ɗiba ta fi zuba, randa za ta ƙafe, dole a dakata ta taru. Wannan dakatawar ita ce zoben. Saboda haka hanya biyu ce kawai: ko a ƙara ƙarfin famfo, ko a rage girman moɗa. Mu duk tsawon watannin nan famfo muke zagi, ba mu taɓa duba moɗar ba.

Moɗar ita ce kyawun hoto. A cikin YouTube akwai wurin da ake zaɓen lamba: 360, 480, 720, 1080. Yadda lambar ta ƙaru haka hoton yake ƙara fitowa tas, haka kuma yake ƙara shan mega. Su masu YouTube sun ce hoton 1080 yana son gudun megabit 5 a kowace daƙiƙa, na 720 yana son 2.5, na 480 kuma 1.1 ya ishe shi. Muka zauna da alli. Megabit 8 ne ke ba da mega 1 irin wadda muke saya. Ke nan 1080 yana cin kimanin jiga 2 da kwata a awa ɗaya. Mu kuwa awa 2 muke kallo kowane dare, wato jiga 4 da rabi. A raba 30 da 4 da rabi, kwana 7 ma ba su cika ba. Daidai abin da ke faruwa da mu ke nan. Telen da kanta take zaɓen hoto mafi girma duk lokacin da ta ga rezo ya yi kyau, ta kwashe mega, idan rezon ya ja baya kuma ta tsaya tana juya zobe. Da muka lissafa 480 sai muka ga kimanin rabin jiga ne a awa, wato jiga 1 a dare, jiga 30 a wata. Muka sauke lambar zuwa 480. Muka tambayi Inna ko ta ga bambanci. Ta ce ita dai ta ga mutumin ya daina ƙamewa. Sai dai a tamu telen dole a sake zaɓen lambar duk lokacin da aka buɗe sabon fim, in ba haka ba ta koma halinta.

Daren da lissafin ya fito ba mu yi barcin kirki ba. Abin da yaron ya faɗa tun farko shi ne allo ya nuna. Ba abu ne mai sauƙi ba uba ya nemi gafarar ɗansa, balle uban da ya saba tsayawa gaban aji ana ce masa ya yi daidai. Uwargida ta ce, "Malam, ka ba shi wayarsa kawai, zai gane." Inna ta ce a'a, a gaban ƙannensa aka kunyata shi, a gabansu za a wanke shi. Haka aka yi. Bayan isha'i muka tara su, muka buɗe littafin, muka nuna lissafin, muka ce, "Yayanku ya yi gaskiya, mu ne muka yi kuskure. Ka yi haƙuri." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba." Amma sai da aka yi kwanaki kafin ya dawo tabarma. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Daga ranar muka damƙa masa littafin, shi ya ci gaba da binciken, kuma sauran abubuwan da za mu faɗa yawanci shi ya gano su.

Shi ya fara tambayar dalilin da ya sa akwatin intanet yake zaune a cikin kabad ɗin ƙarfe a uwarɗaka. Mu ne muka sa shi a can, don gudun ƙura da hannun yara. Ashe mun ɗaure shi ne ta fuska biyu. Saƙon da yake karɓowa daga dogon ƙarfen kamfani sai ya ratsa bango da kwanon rufi da ƙarfen kabad. Wifi ɗin da yake aika wa tele kuma sai ya ratsa bangon siminti biyu da ƙofar ƙarfe. Yaron ya ɗauki waya ya riƙa zagaya gida yana kallon sandunan rezo, har ya sami taga ɗaya da ta fi ko'ina. Aka kafa ɗan katako a sama kusa da tagar, aka ɗora akwatin a fili, babu abin da ya rufe shi. Ya kuma nuna mana cewa akwatin yana watsa wifi iri biyu, ɗaya mai lamba 2.4, ɗaya mai lamba 5. Mai 5 ya fi gudu amma bango yana karya shi da wuri, mai 2.4 ya fi nisa amma ya fi cunkoso, don kusan kowane gida a kansa yake. A ƙarshe muka sayi waya mai tsawon mita 10 muka haɗa akwatin da bayan tele kai tsaye. Kuɗinta bai kai rabin abin da mai gyara ya karɓa ba, kuma ta fi duk sauran dabarun amfani.

Abu na gaba ya fi wuya, domin ba na inji ba ne. Yaron ya buɗe shafin akwatin a wayarsa ya ƙirga na'urorin da ke shan wifi ɗinmu. Mu a gida waya 3 muke da su da tele 1. Ya ƙirga 11. Ashe lambar sirrin ta daɗe da fita. Auta ta ba ƙawarta, ƙawar ta ba yayanta, har aka wayi gari samarin da ke shan shayi a jikin katangarmu da dare ba don inuwa suke zama ba. Ranmu ya ɓaci, muka ce a sauya lamba a yau. Inna ta ce, "Malam, a Zango mun taɓa hana makwabci wuta ko ruwa?" Muka ce, "Inna, wannan ruwan da awo ake sayar mana." Aka yi ta ja-in-ja. Abin da aka tsaya a kai shi ne a sauya lambar, amma mu je da kanmu mu gaya wa iyayen gidajen da ke kusa dalili, kada su ji a bakin yara. Muka kuma ce duk wanda yake da larura, kamar kiran ɗan'uwa a waje ko neman sakamakon jarrabawa, ya shigo gida ya yi sallama a haɗa masa. Mutum ɗaya ya yi fushi na wata guda. Sauran sun ce da ma ba su san abin yana ƙarewa ba.

Bayan duk wannan zoben bai mutu ba, amma littafin ya nuna lokutan zuwansa. Ya fi zuwa tsakanin ƙarfe 8 da ƙarfe 10 na dare, lokacin da duk unguwa ta koma gida kowa ya buɗe waya, dogon ƙarfe ɗaya kuma ake rabawa. Kano tana gaba da mu da awa ɗaya, kuma mun saba da ɗokin kallon sabon kashi a daren da ya fito. Sai muka tuna cewa abin da ke YouTube ba ya guduwa. Inna ta koma kallon nata da hantsi, lokacin da hanya take a sake, da dare kuma a maimaita tare da yara idan rezo ya yarda. Ta ma fi son haka, don ta riga ta san abin da zai faru, tana faɗa musu tun kafin ya faru. Sai kuma zafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da Waga takan haura digiri 40, akwatin yakan yi zafi har ya rikice, saboda haka kada rana ta riƙa dukansa ta taga, kada kuma a lulluɓe shi da ƙyalle. A wannan lokaci ne kuma ake yawan ɗauke wuta. Idan wuta ta dawo tele takan riga akwatin farkawa, ta ce babu hanya. A ba shi minti 2 ko 3. Wata rana kuma bayan ɗauke wuta agogon tele ya koma wata tsohuwar shekara, komai ya ƙi buɗewa, har sai da yaron ya gyara kwanan wata.

Yanzu a bangon ɗakinmu akwai takarda da yaron ya rubuta da Hausa, ya manna kusa da tele. Ta ce idan zobe ya zo a fara da na kusa. A duba ko mega ta ƙare. A duba lambar hoto. A buɗe fim ɗin nan a waya a tsaye kusa da tele: idan waya ta yi tele ta ƙi, laifin tele ne, a zare ta daga bango minti ɗaya, don kashewa da telekomand barci kawai take sa ta. Idan waya ma ta ƙi, a matsa kusa da akwatin: in ta yi a can, nisa ne ko bango. In ta ƙi a can ma, a zare akwatin minti ɗaya a mayar. Idan duk an yi haka bai yi ba, a leƙa a tambayi makwabcin da ke kan wani kamfani. Sai bayan nan ne mutum yake da hujjar kiran kamfani ko mai gyara.

Akwai kuma ranar da takardar ta ƙare ba a sami magani ba. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, a kwanakin farko na azumi, Inna ta zauna za ta saurari tafsiri sai zobe. Aka bi takarda daga sama har ƙasa. Aka tambayi makwabci, shi ma haka. A makaranta ma kowa kuka yake. Daga baya labari ya zo cewa manyan wayoyi huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, sun lalace a gaɓar Kodebuwa. Ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka shiga wahala, har da Gana da Benin da Laberiya da Nijeriya da mu. Burkina ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen bakin ruwa yake biyowa kafin ya iso mu. Sai da jiragen ruwa na musamman suka je, aka yi makonni kafin a gama gyara, ko da yake an riƙa karkatar da hanya abin ya ɗan sassauta kafin nan. Da muka bayyana wa Inna cewa wayar da ke kawo mata tafsiri ta tsinke a cikin teku, can nesa da tabarmarta, sai ta yi shiru, sannan ta ce, "To wannan kam ba za ka karɓe wayar kowa ba." Yara suka fashe da dariya, mu ma dole muka yi.

A kwanakin nan muka zaro tsohuwar rediyo muka sa mata batir. Ranar Lahadi kuma muka ɗauki Inna a mota ta haya muka kai ta Nioko, wurin wata tsohuwar makwabciyarta ta Zangwetin da suka yi shekaru ba su haɗu ba sai a waya. Muka bar su tun hantsi, sai dab da shan ruwa muka koma. Mun same su suna lissafa gidajen tsohon layinsu ɗaya bayan ɗaya, wa ke ina, wa ya rasu, 'yar wa ta auri ɗan wa. A hanyar dawowa kunya ta kama mu. Shekara biyu muna faman gyara akwati don tsohuwa ta ji Hausa daga Kano, alhali ga Hausar da ta fi so a cikin gari ɗaya da mu, kuɗin mota kawai take bukata. Zumunta a ƙafa take. Tun daga lokacin muke kai ta sau ɗaya a wata. Kada dai a ɗauka ta haƙura da tele. Muna shiga gida a daren ta tambaya ko an ɗinke wayar tekun.

Wannan shi ne labarinmu, 'yan'uwa. Zoben har yau yakan leƙo, musamman da zafi, amma yanzu idan ya zo babu mai tashi daga tabarma. Yaron yakan miƙe ya bi takardarsa, Inna kuma ta ci gaba da ba da labarin daga inda fim ya tsaya, yadda take ganin ya kamata ya ƙare. A aji kuma, idan ɗalibi ya ce mana, "Malam, ba ni ba ne," mukan ajiye bulala mu ce ya faɗi abin da ya gani. Muna roƙon iyaye 'yan'uwanmu, kafin ku kira mai gyara ku fara tambayar yaranku, kafin ku hukunta su kuma ku fara lissafi. Allah ya shirya mana zuriya, ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya haɗa kan jama'ar Zango duk inda suka watsu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.